Matan Suwidin Sun Riga Italiya Farawa, Yaya Aka Yi Aka Bar Su A Baya?

A watan Satumban 2025, mutum 81,885 suka cika filin Twickenham na Landan don kallon wasan ƙarshe na kofin duniya na zari-ruga na mata, inda Ingila ta doke Kanada da maki 33 da 13. Ƙasashe 16 ne suka shiga gasar. Babu Suwidin a ciki, kuma babu wanda ya yi mamaki. Ni kam ina ganin ya kamata a yi mamakin, domin a lokacin da matan Suwidin suka buga wasansu na farko na ƙasa da ƙasa, Ingila da Kanada ba su kai ga buga ko ɗaya ba.

Na san yawancinmu a makarantar nan idan aka ce matan Suwidin, ƙwallon ƙafa ce ke faɗo mana a rai, musamman canjaras ɗin nan na 3 da 3 da suka yi da Super Falcons a 2015. To zari-ruga wani abu ne daban. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 80, ƙwallo mai siffar ƙwai da ake rungume ta a ruga da ita, kuma ba a miƙa wa abokin wasa da hannu sai ta baya ko gefe. Wanda ya dangwala ta a bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, bugun tara kuma maki 3 ne. Ana kokawa, ana kayarwa, ba wasan masu tsoron ƙura ba ne.

Wasan mata na farko tsakanin ƙasashe an yi shi ne a 1982, tsakanin Holan da Faransa. Ƙasa ta uku da ta shigo fage ita ce Suwidin, a 1984, inda ta karɓi baƙuncin Holan a birnin Malmo ta sha kashi. Italiya sai a 1985, Ingila da Kanada sai a 1987. Da aka zo kofin duniya na farko a 1991 a ƙasar Wels, Suwidin na cikin ƙasashe 12 da suka halarta, har ta ci Japan bayan Faransa ta lallasa ta. Wannan gasa fa ba hukuma ce ta shirya ta ba. Wasu mata huɗu ne daga wani kulob na Landan suka ɗauki nauyin shirin, hukumar wasan ta duniya ba ta ma amince da ita ba sai bayan shekaru da dama. Talaucin gasar ya kai 'yan wasan Tarayyar Sobiyet sai da suka riƙa sayar da kayan tsaraba don su samu na abinci. A irin wannan yanayi matan Suwidin suka tsaya aka kafa wasan da su.

Daga nan sun je na 1994 da na 1998, suka ɓace a 2002 da 2006, suka dawo a 2010. Sau huɗu ke nan, ba su taɓa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe ba. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai ce ai ba su da abin kirki, a wuce wurin.

Amma a dakata a kan 2009 da 2010, don a nan maganar take. A 2009 aka yi wasannin neman gurbi a ƙasar Suwidin ɗin kanta, aka haɗa ta rukuni ɗaya da Sifaniya da Italiya, waɗanda kowa ya ɗauka ɗayansu ce za ta wuce. Suwidin ce ta zo ta ɗaya. Sifaniya da Italiya duk a gida suka kalli kofin duniya na 2010. Da aka je Ingila kuwa, wasan farko da Faransa aka tashi 15 da 9, tazarar maki shida kacal, wato dangwale ɗaya da bugunsa da ya juya sakamakon. Kyaftin ɗinsu Ulrika Andersson-Hall ce ta jagorance su a ranar. Sauran wasannin ba su yi daɗi ba, sun ƙare a na 12 cikin 12, kuma tun daga nan ba su sake leƙa gasar ba.

Italiyar da suka tsallake fa? Ta zo ta biyu a Gasar Ƙasashe Shida a 2019, ta kai zagayen 'yan takwas a kofin duniya da aka buga a 2022. Me ya bambanta su? A ganina ba ƙashi ba ne, ba zuciya ba ce. Kujera ce aka ba ɗaya aka hana ɗaya. A 2007 masu Gasar Ƙasashe Shida suka cire Sifaniya daga ɓangaren mata suka sa Italiya, ba don Italiya ta fi iyawa ba, sai don jerin ƙasashen ya yi daidai da na maza. Tun daga lokacin Italiya na da tabbacin wasa biyar masu zafi duk shekara, da Ingila da Faransa da Ailan da Sikotilan da Wels. Ko ta zo ta ƙarshe babu mai korar ta, domin gasar ba ta da hawa ba ta da sauka. Su kuwa irin su Suwidin an bar su da ƙaramar gasar Turai mai ƙasashe uku ko huɗu, wasa biyu ko uku a shekara, Sifaniya na ta kwashe kofin. Jama'a, ɗalibin da ke zana gwaji biyar kowane zango da wanda ake kira jarrabawa sau ɗaya a shekara, yaya za a yi sakamakonsu ya zo ɗaya?

Wani zai ce laifin na cikin gida ne, kuma yana da tasa hujjar. Suwidin ƙasa ce mai mutum miliyan goma da 'yan kai, sanyi na rufe filaye tsawon watanni, kuma yarinyar da ke da ƙarfi da gudu tana da ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da wasan ƙanƙara suna jiran ta. A shekarar 1984 ɗin da 'yan zari-ruga suka fara da shan kashi, a ita ce 'yan ƙwallon ƙafarsu suka ci kofin Turai na mata na farko, to ka ga inda hankalin jama'a zai tafi. Ga kuma kuɗi: Ingila ta fara biyan 'yan wasanta cikakken albashi tun 2019, alhali na Suwidin sai sun tashi daga aiki ko aji su je atisaye. Duk na yarda. Sai dai ƙarancin 'yan wasa da rashin manyan wasanni abu ɗaya ne ke haifar ɗaya. Yarinya ba ta sha'awar tawagar da ba ta taɓa gani a talabijin ba, kamfani ba ya zuba kuɗi a tawagar da ba a kallo.

Akwai kuma masu cewa idan aka buɗe ƙofa, Ingila za ta riƙa zura musu maki tamanin, abin ya zama abin kunya. E, za a yi hakan a farko. Ai Italiya ma haka ta riƙa sha a shekarunta na farko, ba wanda ya ce a fitar da ita.

Abin da nake ganin ya dace ba wani abu ne mai wuya ba: duk shekara wadda ta zo ta ƙarshe a Ƙasashe Shida ta kara da zakarar ƙaramar gasar Turai, wadda ta yi nasara ta ɗauki kujerar. Na san ba Suwidin ce za ta fara cin moriyar wannan ba, Sifaniya ce, wataƙila Holan ta biyo baya. Amma ranar da Sifaniya ta hau, kofin ƙaramar gasar ya zama na mai rabo tsakanin Holan da Fotugal da Suwidin, kuma wadda ta ɗauke shi wasa ɗaya ne ya rage tsakaninta da zuwa Twickenham.