Gidan haya: mai shi zai riƙe makulli, ko wakili?

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa ma, daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa har Katako da Wadata a Yamai, burinsa guda ne: ya sayi fili, ya gina, ya zuba ƴan haya. Haka su ma uwayenmu mata da ke tara kuɗin adashe, ko na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka samo tushe a jihar Maraɗi a 1991. Dalili a fili yake. Wanda ya ga yadda darajar sefa ta faɗi da rabi dare ɗaya a watan Janairu na 1994, ya ga gobarar ƙaramar kasuwar Yamai a 2012, ya ga rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 har Disamba 2020, ya san kayan shago na iya narkewa, amma gini yana nan.

Sai dai gina gida wani abu ne, cin moriyarsa wani abu ne daban. Da yawa sun gama gini da murna, bayan shekara biyu suna cewa da sun sani da hatsi suka saya suka ajiye. Shi ya sa muka ga ya kamata yau mu zauna kan wannan tambaya: mai gida ya kula da hayarsa da kansa, ko ya damƙa ta ga wakili yana biyansa?

Mu fara da mai yi da kansa. Hujjarsa mai ƙarfi ce, don mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Shi ke zaɓen wanda zai shiga, ya tambayi inda ya fito da abin da ya fiddo shi. In bango ya tsage shi zai fara gani, in magini ya faɗi kuɗi shi zai taya. Kuma ba ya raba kuɗin hayarsa da kowa. Ga mai ƙofa biyu ko uku a unguwar da yake zaune, ba mu ga abin da zai sa ya nemi wani ba.

Amma akwai abin da ke cin mai yi da kansa, wato kunya. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ɗan hayar da kuke salla sahu ɗaya, matarsa na aiko ma taka da tuwo, ranar sunan ɗansa kai ne a gaba, yaya za ka tsaya ƙofarsa ran biyar ga wata ka ce kuɗi? Wata ɗaya ya zama uku, uku su zama takwas, daga nan sai wani dare ya kwashe kayansa, ya bar maka takardun NIGELEC da na ruwa ba a biya ba. Abin ya fi tsanani ga mata. Hajiyar da ke zaune kasuwa tun safe har la'asar, ko wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da marayu, in ta je karɓar haƙƙinta wajen ƙaton namiji, sau da yawa baƙar magana take kwasowa. Ga kuma matafiya, masu zuwa Kano, Lome, Kwatano ko Dubai sarin kaya. Ranar da masai ya cika ko rufi ya ɓule, mai gida yana bakin iyaka yana fama da duwan.

To, bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ɗauka kana da ƙofa 4, kowace jika 25 a wata, wato jika 100. Mu ɗauka wakili ya ce zai riƙa cire kashi 10 cikin 100. Jika 10 ke nan a wata, jika 120 a shekara. Kuɗi ne, ba mu musa ba. Amma in kunya ta sa ƙofa 2 sun yi wata 3 ba su biya ba, jika 150 sun tafi. Ka ga asarar ta wuce ladan wakili na shekara cur, ba a ma sa cinikin da ka rasa ranakun da ka rufe shago kana bin bashi ba. Wakilin kirki ba kunyar ɗan haya yake ji ba, don ba tare suke cin tuwo ba, kuma ya san hanyar komisariya da ta kotu.

Kada dai a ɗauka muna cewa kowa ya ruga wajen wakili. A nan ma ramuka suna da yawa, kuma guda uku muke so masu karatu su lura da su.

Na farko, dillali daban, wakili daban. Dillalin da ke zaune ƙarƙashin itace da babur, aikinsa ya haɗa ka da mai neman ɗaki, ya karɓi la'adarsa, ya tafi. Tun da a kan kowane sabon shiga yake samu, ba shi da asara in ɗan haya ya fita bayan wata huɗu. Wanda ya bar ma irin wannan makullin gidansa, kada ya yi mamaki in ya ga baƙin fuska kullum.

Na biyu, akwai wakilin da ke juya kuɗin mutane. Ya karɓa ran ɗaya ga wata, ya sa cikin cinikinsa, ya ce maka ba a biya ba tukuna. Wani ya ƙara ma ɗan haya jika 5 bisa abin da ka yanka, ya sa aljihu. Wani kullum da gyaran da ba a yi ba: yau famfo, gobe fenti, jibi ƙofar da babu abin da ya same ta.

Na uku, kuma shi ne ya fi yawa a ƙasar nan, wakilcin dangi. "Ƙanena zai riƙa karɓar mani." Ba lada, ba takarda, ba lissafi. Shekara ta zagayo ka tambaya, ya ce ai an yi biki, an yi rashin lafiya, an sayi rago. Ba ka iya kai shi ƙara, in ka ɗaga murya tsofaffi su ce ka fifita dukiya kan zumunta. Gidajen gado nawa ne suka raba ƴan uwa ciki ɗaya ta wannan hanya? A ganinmu, in dole ɗan uwa za a sa, a yanka mashi ladansa kamar bare, a nemi lissafi wajensa kamar bare. Hakan ne zai tsare zumuntar.

Ga matsayinmu. In gidan yana kusa, ƙofofin kaɗan ne, kuma kana iya kallon mutum ido cikin ido ka nemi haƙƙinka, riƙe abinka. In gidan yana wani gari, kamar bamaraɗen da ya gina a Yamai, ko ƙofofin sun yi yawa, kamar masu ɗakunan ɗalibai tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, ko kuwa gidan marayu ne da magada da yawa, nemi wakili mai ofis da takardun aiki, wanda za ka iya tambayar mutum biyu ko uku da ya riƙe ma gidaje.

Ko wace hanya aka bi, a rubuta. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma ƙasarmu ta fitar da dokar haya tun 1996. Takarda da ɗan haya ta faɗi kuɗin wata, ranar biya, kuɗin ajiya da sharaɗin maido su, wanda ke biyan wuta da ruwa da kwasar masai, da halin da ɗakin yake ranar shiga. Takarda da wakili ta faɗi ladansa, ranar da zai kawo kuɗi, da iyakar abin da zai kashe a gyara ba tare da ya tambaye ka ba. Kowane biya da rasit. Yau da ake aika kuɗi ta waya da kamfanonin aike, ɗan haya na iya biya kai tsaye ga mai gida, shaida ta zauna a hannun kowa. Kuma mai gida ya riƙe lambar wayar ƴan hayarsa, ya taka da ƙafarsa ya duba gidan ko da sau biyu ne a shekara, musamman kafin damina. Ruwan 2024 ya nuna mana a Maraɗi da Damagaram abin da ke samun ginin da aka yi sakaci da shi.

Kalma ta ƙarshe ga masu gidaje. Yawancinmu a haya muka fara, wasunmu har yanzu shagon da suke ciki na haya ne. Wakili ba sanda ba ne da za a ɗauko don dukan talaka, a cire mashi ƙofa ko a watsa kayansa waje gaban ƴaƴansa. Fitar da ɗan haya yana da wa'adi da hanyar shari'a. Wanda ya saba biya shekara da shekaru, in wata ɗaya ya gaza, mai gida ne ya kamata ya yanke shawarar yi mashi haƙuri, kuma ya gaya ma wakilinsa haka tun ranar da ya miƙa mashi makulli. Su ma ƴan haya su sani, kuɗin nan wani wurin shi ne abincin marayu da kuɗin lekol ɗinsu.

Allah ya sa mu dace.