FILIN ANTI: Kada Ki Yi Saurin Cewa "Na Yafe"

 Wannan watan za ku yi mini haƙuri, na ajiye wasiƙunku na soyayya a gefe, don akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 muka koma A Daidaita Sahu, yanzu kuma ga motocin da ake kira ta waya, irin waɗanda Uber ta fara kawowa Legas a 2014. Ki danna, mota ta zo har ƙofar gida. Iyaye ma hankalinsu ya fi kwanciya da su. To irin wannan motar ɗiyar yayata ta kira za ta dawo daga kamun ƙawarta. Direba ido na kan waya yana duba hanya, sai ji kake ƙuuu! ya daki bayan tifa a shataletale. Hannunta na dama ya karye a wuyan hannu.

Washegari sai ga direba da dattawan unguwarsu, da ledar lemo da ayaba, da ambulan ɗauke da naira dubu ashirin. Ana ta "Allah ya kiyaye gaba". Babanta, mutum mai kunya, ya ce, "Haba, ai ƙaddara ce, mun yafe." Har takarda aka sa wa hannu a gaban ɗan sanda. Ita kuwa yarinya tana ɗaki tana kuka, ba wanda ya leƙa ya ce, "Ke me kika gani?" Aka kai ta wurin mai ɗori. Bayan wata biyu hannu ya ƙi miƙewa, likitan ƙashi ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Mamanta ta sayar da sarƙarta da 'yan kunne. Yarinyar da ke zanen lalle tana biya wa kanta kuɗin makaranta, yau biro ma da ƙyar take riƙewa.

Ni fa ban ce yafiya laifi ba ce. Amma a yafe abin da aka san girmansa mana! Malamanmu na Malikiyya, a Risala, sun nuna ba a ƙiyasta diyyar rauni sai ya warke, don sai a lokacin ake sanin abin da aka rasa. Addinin da ya ajiye rabin diyyar rai a kan hannu guda bai ɗauki neman haƙƙi rashin tawakkali ba.

Sannan abin da da yawa ba mu sani ba: ba lallai daga aljihun talakan direba kuɗin za su fito ba. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni. Tun Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga ₦5,000 zuwa ₦15,000 a shekara, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa a kan neman takardarta. Wasu kamfanonin motocin waya ma kan yi wa fasinja inshorar tafiya. Idan kun ce kun yafe, kamfanin inshora kuka yi wa gwaninta, shi da ko sannu bai zo ya yi muku ba.

Don haka in Allah ya ƙaddara (Allah ya tsare mu), asibiti tukuna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa. Lambar 'yan kiyaye haɗurra 122 ce, ki haddace ta kamar lambar saurayinki. Da kin samu kanki, ɗauki hoton tafiyar daga wayarki: sunan direba, lambar mota, lokaci da hanya. Wannan ita ce babbar shaidarki, don haka kada ki yarda direba ya ce ki soke kira ki biya shi a hannu, ko da zai rage miki kuɗi. Ki kai rahoto ta cikin manhajar, a karɓi rahoton 'yan sanda da na likita, kowane rasit kuma, ko na auduga ne, a adana shi a leda.

Na san za ku ce, "Anti, ina muka ga kuɗin lauya?" Akwai Hukumar Legal Aid da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. A je da wuri, domin irin wannan ƙara tana da wa'adi, in ya wuce kotu ba za ta saurara ba.

Saura kunya. Na sani ba za ki iya buɗe baki gaban dattawa ba, ni ma a shekarunki ban iya ba. Ki kira Mama ɗaki, ko yaya, ki ce, "Don Allah a roƙi Baba kada ya sa hannu a komai, ya ce sai mun ji ta bakin likita." Mu namu hannun an riga an sa, takardar tana wurin lauya yanzu yana duba ko akwai sauran hanya. Yadda ta kaya za ku ji a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.