Sana'ar Gobe: Muryar da Matuƙin Jirgi Ba Ya Motsi Sai da Izininta

Duk sanda muka tambayi masu sha'awar harkar jiragen sama abin da suke son zama, amsar ɗaya ce: matuƙin jirgi. To amma akwai wanda matuƙin nan ba ya hawa titin tashi, ba ya sauka, sai da izininsa. Shi ne jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama, kuma a kansa za mu tsaya yau.

Aikin ya kasu kashi uku. Akwai masu zama a hasumiyar filin jirgi, wato dogon ginin nan mai gilashi ta kowace fuska. Su ne ke ba da izinin tashi da sauka, suna kallon titin da idonsu. Akwai masu karɓar jiragen da suka doso filin, su jera su ɗaya bayan ɗaya, su miƙa wa hasumiya. Sai kuma masu lura da jiragen da suka lula can sama suna ratsa ƙasa, ta hanyar rediyo da na'urar rada. A Najeriya manyan cibiyoyin wannan kashi na uku suna Kano da Legas, kuma a taswirar matuƙa jirage na duniya, da sunan Kano ake kiran sararin samaniyar Najeriya. Ba abin mamaki ba ne, domin a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925.

Bari mu ɗan yi lissafi. Jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 a awa ɗaya, wato wajen kilomita 14 a minti ɗaya. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da kilomita 28 a kowane minti. Kafin matuƙi ya hango ɗan'uwansa da ido, lokaci ya kusa ƙurewa. Shi ya sa jami'in ke raba musu hanya tun daga nesa, ya tabbatar akwai aƙalla ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa. Ku tuna kuma da hazon hunturu, lokacin da ba a ganin ko ƙarshen titin jirgin.

Kuskuren kalma ɗaya a wannan aiki na iya cin rayuka. Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi cikin hazo. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba, ga shi muryoyi sun haɗu a rediyo, gargaɗin bai isa kunnensa ba. Mutum 583 suka rasu. Tun daga nan aka ƙara tsaurara ƙa'idar magana: kalmar Turanci mai nufin tashin jirgi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin ko soke shi. Haka kuma dole matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi, jami'in ya saurara ya tabbatar an ji shi daidai.

A ina ake koyon aikin? Ba sai an tsallaka teku ba. A Zariya akwai Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964. Mutane da yawa sun ɗauka tuƙi kawai ake koyarwa a can, alhali tana da makarantar horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, da ta injiniyoyin gyaran jirgi, da ta na'urorin sadarwa. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa suna da makarantar EAMAC a Yamai, wadda ke horar da jami'ai daga ƙasashen Afirka da dama da harshen Faransanci.

Ɗalibi zai karanta dokokin sararin samaniya, da ilimin yanayi, da yadda jirgi ke gane hanya, da irin ƙarfin kowane jirgi, da salon magana ta rediyo, inda harafin A ke zama Alfa, B ya zama Bravo, don kada a rikita su. Daga nan sai ɗakin kwaikwayo, inda kwamfuta ke nuna jirage na ƙarya, malamai su yi ta jefo matsaloli: wannan mansa ya kusa ƙarewa, wancan rediyonsa ya mutu, ga hadari ya taso. A nan ake yin kuskure a gyara ba tare da an yi asarar rai ba. Bayan kwaleji sai a tura mutum filin jirgi ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre, sannan hukumar NCAA ta ba shi lasisi. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba a ba da lasisin sai ga wanda ya kai shekara 21, ya ci gwajin lafiya na ido da kunne da zuciya, ya kuma kai mataki na 4 cikin 6 a gwajin Turanci.

Hukumar NAMA ce ke ɗaukar waɗannan jami'ai aiki a Najeriya. Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya yi digiri a fannin kimiyya, kamar Fiziks ko Lissafi ko Labarin Ƙasa, hukumar ta ɗauke shi, sannan ta tura shi Zariya. Ke nan shirin daga ajinku yake farawa. Wanda ya guje wa ajin kimiyya don tsoron Lissafi, ko ya yi wasa da Turanci har ya rasa kiredit a WAEC ko NECO, ya rufe wa kansa ƙofar tun bai ƙwanƙwasa ba.

Ga shawararmu. Ku saba da lissafin ka ba tare da kalkuleta ba. Ku shiga ƙungiyar muhawara ta makaranta don bakinku ya saba da Turanci a fili, ku kuma riƙa sauraren labarai da shi. Ku je a duba muku ido, musamman rarrabe launuka, tun yanzu. Ku yi nesa da ƙwaya da kayan maye, domin gwajin lafiyar ba sau ɗaya ake yin sa ba, ana maimaita shi muddin mutum yana aiki. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku gurbi, ku guje shi, ku nemi sanarwa daga hukumar ko kwalejin kai tsaye.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana da nauyi. Karɓa-karɓa ake yi dare da rana, ba Sallah ba hutun ƙarshen mako, kuma yana son mai sanyin zuciya wanda ba ya ruɗewa. 'Yan mata, ku ma da ku muke: akwai mata da ke wannan aiki a ƙasar nan, kuma rediyo bai san namiji ko mace ba, murya bayyananniya da kai mai aiki yake nema.

In kun ji ƙarar jirgi ya gifta saman makarantarku, ku tuna akwai wani zaune yana magana da shi. Ku yi shawara da malaminku na Fiziks a wannan makon. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.