Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnonin Arewa

Masu girma gwamnoni,

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa muku filayen jihohinku amana. Da ita aka ware wa kamfanin rake dubban hektoci a Gagarawa, manoman Jigawa suna ta kuka. Diyyar da dokar ta sani ta shuka ce da gini, ƙasar kanta ko gadon kakanni ce ba ta da kuɗi.

Matasa ne damuwata. Attajirin birni ya saye fadama, farashi ya haura, ko haya ta gagari saurayi. Sai ya koma ƙwadago a gonar da mahaifinsa ya noma, ko ya tafi Kano tuƙin adaidaita sahu.

Kafin ku sa hannu a wata takardar mallaka, a rubuta kason matasan ƙauyen a ciki.

Wassalam.