NACI BA FASAHA BA NE

Yau da ɗan zafi na ɗauki alƙalami. A zaman muhawarar da ƙungiyarmu ta yi kwanan baya, wani ɗan'uwa da ba zan ambaci sunansa ba, don kada a ce gaba nake yi da shi, ya miƙe ya ce wai ma'aunin waƙa mai kyau ɗaya ne tak: in ka ji ta ta bi ka har ɗaki, ka kwana da ita ka tashi da ita, to ta cika waƙa. Nan take aka kaure da tafi. Tafin nan ya fi maganar ba ni haushi, domin ɗaliban Hausa ne suka yi shi, mutanen da gobe za a ba alli a ce su koya wa yara bambancin waƙa da surutu.

A jarrabawar zangon da ya wuce ina zaune gaban takardar nahawu, sai wata 'yar waƙar tallar sabulu da na ji a rediyon mai shayi da safe ta faɗo mini a ka. Layi biyu ce kacal. Na yi a'uziyya, na girgiza kai, na ciji biro, ta ƙi tafiya har aka ce a ajiye alƙalami. To bisa ma'aunin ɗan'uwanmu, mai tallar sabulun nan ya fi Aƙilu Aliyu ke nan, tunda baitin Aƙilu bai taɓa hana ni amsa tambaya ba. Wa zai yarda da wannan?

Abin ba sabo ba ne, ba kuma mu kaɗai yake samu ba. Jamusawa suna kiransa tsutsar kunne, Turawan Ingila kuma suka ari sunan daga gare su. Tun a 1876 marubucin Amurka Mark Twain ya rubuta labarin wanda wata 'yar waƙa kan tikitin fasinja ta kusa zautar da shi, bai rabu da ita ba sai da ya rera wa abokinsa ta koma kansa. A ƙasar Finland, Lassi Liikkanen ya tambayi mutane kusan 12,000, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ce yana samun su aƙalla sau ɗaya a mako. Wannan ya isa amsa ga masu cewa shafar aljanu ce, sai dai in mutum tara cikin goma duk masu iska ne.

Dalilinsa yana cikin halittar ƙwaƙwalwa. A 2005 masu bincike a kwalejin Dartmouth ta Amurka sun sa wa mutane waƙoƙin da suka sani, suna katse sautin na ɗan lokaci, sai na'ura ta nuna sashen ji na ƙwaƙwalwa yana ci gaba da aiki, yana cike gurbin da kansa. Ga kuma muryar nan ta cikin kai da muke maimaita lambar waya da ita kafin mu sami biro. Ba ta ɗaukar dogon zance, shi ya sa guntun waƙa ne yake juyawa, ba waƙar duka ba. A 2016 Kelly Jakubowski da abokan aikinta suka bi waƙoƙin da mutum 3,000 suka ce sun fi maƙale musu, suka ga yawancinsu masu sauri ne, karinsu yana hawa ya sauka yadda kunne ya saba, da ɗan tsalle a wani wuri, sannan an sha sa su a rediyo. Ku lura, duk waɗannan siffofin kari ne da yawan ji. Ana iya ɗora su a kan hikima, ana iya ɗora su a kan shirme.

Makaɗanmu sun riga Turawan sanin haka. Me ake da gindin waƙa da 'yan amshi? Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan kafa gindi gajere, 'yan amshi su yi ta dawo da shi har ya zauna wa mai sauraro a ka. Amma ba don gindin ake kiransa gwani ba. Gwanintar tana cikin ɗiyan da yake zubawa tsakanin amshi da amshi, inda zuga da zambo da habaici suke, kuma su ba sa maƙalewa sai ka zauna ka haddace su da gangan. Wanda ya auna waƙa da amshinta kaɗai ya sayi buhu ne bai duba abin da ke ciki ba. Ban ce naci ba shi da amfani ba. Nana Asma'u ta zuba ilimi cikin waƙa don 'yan taru su riƙe shi a ka su kai wa matan ƙauyuka. Can ilimin ne kayan, karin kuwa jaki ne.

Inda abin ya zama haɗari shi ne lokacin zaɓe. Wane ne cikinmu bai taɓa kama kansa yana rera waƙar ɗan takarar da ba ya so ba? Masu talla da 'yan siyasa kuɗi suke biya a ƙera musu irin wannan amshi, don sun san abin da kunne ya saba da shi zuciya takan ɗauke shi gaskiya. In mu da muke karanta adabi muka koya wa jama'a cewa abin da ya maƙale shi ne mai kyau, to mun yi musu aikinsu kyauta.

Maganinsa kuwa, kada ka yi kokawa da waƙar. Daniel Wegner ya nuna a 1987 cewa wanda aka hana tunanin wani abu, shi abin yake ƙara dawo wa. Mutane da yawa sukan sami sauƙi in sun saurari waƙar daga farko har ƙarshe, domin zuciya ta fi riƙe aikin da aka bari rabi. A 2015 Philip Beaman na Jami'ar Reading ta Ingila ya gwada taunar cingam, ya ga tana rage abin, saboda baki da harshe sun shagala, muryar cikin kai ta rasa abin rerawa. Ni goro nake taunawa, na kuma ji daɗinsa. Sai aikin da zai kama hankali, wanda bai cika sauƙi ba bai kuma gagara ba. Ɗalibin Hausa ba ya rasa irinsa: ɗauko baiti ka yanka shi gaɓa-gaɓa ka fid da karinsa. Wanda kuwa abin ya kai yana hana shi barci kwana da kwanaki, ko yana jin kiɗan kamar daga waje ake yi, ya tafi asibiti, ba maganar adabi ba ce kuma.

Ɗan'uwana mai ma'auni, in har kana kan bakanka, shafin mujallar nan a buɗe yake. Ka zo mana da waƙar da ta fi maƙale maka a makon nan, mu ajiye ta kusa da Bakandamiyar Narambaɗa mu feɗe su a gaban malamai.