Mitarka ba jabu ba ce, kai ka kashe ta

1/ Masu wayarin, masu haɗa sola, masu gyaran waya, ku matso. Kullum kuka ɗaya: "mitocin yanzu duk jabu ne." To buɗe murfin bayan taka mu gani. Farin gari, sifirin ya yi kore, batir ya shekara a ciki. Wannan ba laifin ɗan Chana ba ne, malam.

2/ Batirin da ya mutu aka bar shi a ciki, yoyo yake yi. Zafi kuma ƙara ingiza shi yake. Ka jefa mita a but ɗin mota ko akwatin babur a ranar Afrilu, sannan ka zo kana mamaki?

3/ Batir mai rubutun Alkaline ba asid yake zubarwa ba, potassium hydroxide ne, ɗan'uwan sodar sabulu. Yana cin ƙarfe, yana ƙona fata. Idan ya bi waya ya kai kan allon ciki, sai dai haƙuri.

4/ Wani zai ce, "Mitar nawa take? Ta mutu in sayi wata." Ai ba mutuwarta ce abin tsoro ba, ƙaryarta. Ƙananan mitoci irin DT830, in batirin 9V ɗinsu ya yi sanyi, lissafinsu kaucewa yake. Haɗin da ya ci tsatsa kuma yana kawowa yana ɗaukewa. Da wannan za ka yanke hukunci ko waya mai 230V tana da wuta?

5/ Su oga masu kankare sifirin da wuƙa su cusa takardar sigari, Allah ya shirya. Wuƙa tana kwashe rufin ƙarfen, tsatsa ta dawo da sauri. Mafi muni, masu naɗa waya a gurbin fis. Fis ɗin nan hannunka yake karewa, kuma yaran shago suna kallo suna koya.

6/ Gyaran bai kai minti 10 ba. Fara cire wayoyin gwaji, ja da baƙi, kafin ka taɓa murfi. Kashe mita, zare batir, kar ka taɓa garin da hannu tsirara, kar ka hura shi ya shiga ido.

7/ In Alkaline ne, ɗiga khal ko ruwan lemun tsami a audugar goge kunne ka goge. In mai arhan nan ne na zinc-carbon, nasa yoyon mai tsami ne, sai bekin soda da ɗan ruwa. Bi da sifirit, bari ya bushe ƙarau.

8/ Alamar batir ta fito a allo? Canza yau. Za ka ajiye mita wata guda? Cire batir. Kar ka haɗa sabo da tsoho.

9/ Kafin ka yarda waya ba wuta, gwada mitar a soket ɗin da ka san yana da wuta, kafin da bayan awo. Kuɗin data na kwana biyu zai sayi batir. Tura wa ogan shagonku.