Mai Koyon Harshe, Tsunduma!

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa cin karo da kalmar "immerse" a darasin Turanci. Aikatau ce da ta samo asali daga Latin, inda "mergere" ke nufin sanya abu cikin ruwa. Ma'anarta ta farko ita ce a saka abu a ruwa har ruwan ya rufe shi ruf. Ta biyu kuwa, mutum ya ba wani aiki hankalinsa duka, har ya manta da abin da ke kewaye da shi. A duka biyun, kalmar "in" ce ke biyo bayanta.

Idan za ka fassara ta, kada ka ɗauki kalmar farko da ka gani a ƙamus. Hausa ta rarraba wannan ma'ana. Mai shan shayi yakan tsoma burodi, ya fitar nan take. Mai wanki yakan jiƙa tufafi, ya bar su su daɗe. Yaro yakan tsunduma cikin kogi da dukan jikinsa. Dutse kuwa nutsewa yake yi, ba ya tasowa. A ma'ana ta biyu, mukan ce ɗaliba ta duƙufa a kan karatu, wannan yabo ne. In muka ce ta shagala da wasa, zargi ne.

A ganina, "tsunduma" ce ta fi dacewa da mai koyon harshe. A 1965, a garin Saint-Lambert na ƙasar Kanada, an fara koyar da yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci. Daga wannan aikatau aka samo sunan tsarin, wato "immersion". A Nijeriya ma, ɗaliban Faransanci na jami'o'i sukan je Ƙauyen Faransanci da ke Badagry domin su zauna cikin harshen dare da rana.

Za ka ce ai kai ba ka Kano, ba ka Sakkwato. Gaskiya ne, amma Hausa ba ta yi maka nisa ba. Akwai Hausawa a Sabo ta Ibadan, da Agege ta Legas, da kasuwanni da dama na Kudu. Gaida mai tsire da Hausa. Yi cinikin albasa da Hausa. Saurari labarai a rediyo, ko da rabi kawai za ka fahimta.

Darasin aji yana da amfani ƙwarai, domin shi ke koya maka nahawu da ƙa'idojin rubutu. Sai dai minti arba'in tsoma yatsa ne kawai, kuma ba a koyon iyo a bakin gaɓa. Za ka yi kuskure, wani lokaci ma a yi maka dariya. Kada wannan ya hana ka magana, da koyo akan iya. Tun daga yau, zaɓi mutum ɗaya wanda kullum da Hausa za ka riƙa gaishe shi.